Kwanakin Hazo: Abin da Ke Cikin Ƙurar da Muke Shaƙa

Litinin

Hazo ya sauka cikin dare. Da hantsi, daga ƙofar makarantarmu ba a hango Dutsen Dala, rana kuma ta fito fara fat ba zafi, har ana iya ƙura mata ido. A rediyo an karanta gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta NiMet: ƙura ta taso daga wajen Faya-Largeau a arewacin Chadi, tashi da saukar jirage na iya samun cikas, masu asma su yi hattara.

A ajin kemistiri rabin yara tari suke yi. Wata ɗaliba ta shafa yatsa a kan teburinta ta ɗaga mini. "Malam, wai wannan ƙasa ce ko toka?" Na ce a rufe littattafai, tambayar nan ita ce darasinmu na mako. Muka wanke farantai muka jera su a kan rufin ɗakin gwaji, can nesa da titi, don mu tari abin da sama ke zubowa kaɗai.

Na fara da gaya musu sunan abin da ya fi yawa a cikinta, wato silika. Haɗin sinadarin silikon ce da oksijin. Ita ce jikin yashi, ita ake narkawa a yi gilashi, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na ɓawon duniyar nan ita ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike suka riƙa tara ƙurar hunturu a nan Kano suna aunawa, suka tarar silika ta kai kusan kashi 60 na nauyinta. Wani yaro daga baya ya ce, "Ashe dutse muke shaƙa, Malam." Na ce haka ne, amma dutsen iri-iri ne, kuma a nan maganar take.

Talata

Yau da taswira na shiga aji. A arewacin Chadi, sama da kilomita 1,000 daga nan, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce, ƙasan wani makeken tafki ne mai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce kawai. A cikin ruwan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, kowace tana gina wa kanta ɓawo da silika. Suka yi ta rayuwa suna mutuwa, ɓawonsu na kwantawa a ƙasa tsawon dubban shekaru. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mara nauyi mai saurin marmashewa. Iskar arewa maso gabas kuma tana matsowa ta tsakanin tsaunukan Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta afka wa kwarin. Kimanin kwana 100 a shekara ƙura na tashi daga can, shi ya sa masana da yawa ke cewa babu wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. A kan hanya tana haɗuwa da ƙurar yashi da ta laka daga wasu sassan Sahara kafin ta iso mu.

Ba a wurinmu take tsayawa ba. A 1832, lokacin da jirgin ruwan Beagle ya isa tsibiran Cape Verde, Charles Darwin ya lura da ƙurar da ke sauka a kan jirage a tsakiyar Tekun Atlantika. Da masanin Jamus Ehrenberg ya duba samfurin da aka aika masa, ya ga ɓawon halittun ruwan daɗi a ciki. A 2015 masanan hukumar NASA sun ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma a kowace shekara, wajen tan miliyan 27 kuma na sauka a dajin Amazon.

Da dare na ba Hajiyarmu labarin nan. Ta ce tun suna yara manoma ke cewa hunturu mai ƙarfi alheri ne ga gona. Suna da gaskiya. Ƙurar na ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙasa, kuma laushin ƙasar noman Kano yana da nasaba da abin da iska ta daɗe tana shimfiɗawa a kai.

Laraba

Mun sauko da farantai. Kowanne ya yi lulluɓi da gari mai laushi, launinsa tsakanin toka da ja. Muka ɗiba muka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yara suka yi layi. Akwai ƙwayoyi garai-garai masu kusurwa, waɗannan su ne kwaz, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake tsinta a cikin tsakuwa. Akwai dunƙule-dunƙule ja-ja na laka da tsatsar ƙarfe. Akwai baƙin toka da zaren tufafi, waɗannan kuwa namu ne na cikin gari.

A nan na raba musu silika gida uku, domin wanda bai raba ba zai tsorata inda bai kamata ba, ya kuma saki jiki inda haɗarin yake. Ta farko ita ce wadda ke ƙulle cikin laka tare da wasu sinadarai. Ta biyu ita ce ta ɓawon halittun Bodele, wadda ƙwayoyinta ba su jeru cikin tsari ba, kuma jiki na iya narkar da ita a hankali. Ta uku ita ce kwaz, mai jerarrun ƙwayoyi, mai tauri, wadda ba ta narkewa a huhu. Ita ce cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa a jerin abubuwan da ke haddasa kansar huhu a 1997, idan ana shaƙar ta a wurin aiki. Kashi 60 ɗin da na faɗa ranar Litinin jimillar ukun ne, ba kwaz kaɗai ba.

Sai maganar girma. Kaurin gashin kan mutum ya kai kamar maikuromita 70. Ƙwayar da ta haura maikuromita 10 yawanci a hanci da maƙogwaro take tsayawa, mu fyace ta ko mu tofar. Wadda ta gaza 5 ita ce ke iya kutsawa har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini. A ƙurar hamada, kwaz ya fi yawa a cikin manyan ƙwayoyi, ƙanana kuwa laka ce ta fi rinjaye a cikinsu. Wannan rangwame ne daga Allah, amma bai kai a yi sakaci ba. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ƙurar da ba ta wuce maikuromita 10 ba kada ta haura maikurogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a yini guda. A tashoshin awo na yankin Sahel, irin ta Banizoumbou da ke gabas da Yamai, ranakun hazo na kaiwa ɗaruruwa.

Ɗalibar da ta yi tambayar farko ta sake ɗaga hannu. Ta ce ta ga ana nuna lambar gurɓatar iska a waya, ko tana faɗin yawan kwaz? A'a. Na'urorin awon da aka saba da su nauyi ko yawan ƙwayoyi suke bayarwa. Ba su bambance hayaƙin janareta da laka da kwaz. Sai an tace iskar a kai ɗakin gwaji na musamman kafin a san me ke ciki, kuma abin da ke ciki shi ne ke yanke hukunci a huhu.

Alhamis

Bayan la'asar na shiga gaida dattijon da ke maƙwabtaka da mu. Tarinsa ne ke tashinmu kafin kiran sallar asuba a 'yan kwanakin nan. Na same shi a zaure, ya jingina da bango, mayafi a kafaɗa.

"Sannu Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, Malam. Hunturun nan ne ya tasa ni gaba."

Daga zaure zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Hira ta kai mu ga sana'arsa ta da: sama da shekara 20 ya yi a bakin injin fasa dutse. "Idan muka tashi aiki, Malam, uwarka ma ba ta gane ka. Fari fat har gashin ido. Sai mu sha madara, wai tana wanke ƙirji." An taɓa samunsa da tarin fuka, ya sha magani wata shida cif, aka ce ƙwayar cutar ta mutu. "Amma numfashin bai dawo ba, ɗana."

Daga nan na wuce wurin wani abokina likita na kwatanta masa. Ya ce sai an ɗauki hoton ƙirji an kuma ji tarihin aikinsa kafin a yanke magana, amma labarin ya yi kama da cutar silikosis. Ya zana mini yadda take. A ƙarshen huhu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu haɗiye duk baƙon abu. Idan suka haɗiyi kwaz, ba su iya narkar da shi, sai su mutu, su saki abin da ke kumbura wurin. Wasu su zo su sake haɗiye ƙwayar, su ma su mutu. A haka tabo ke taruwa, huhu ya yi tauri ya kasa buɗewa. Ko mutum ya bar aikin, kwaz ɗin na nan, tabon na iya ci gaba. Galibi sai bayan shekara 10 ko fiye take bayyana, amma inda ƙurar ta yi tsanani tana iya kayar da mutum cikin 'yan shekaru, har ma watanni. Babu maganin da ke goge tabon. Kuma da yake waɗannan ƙwayoyin garkuwa su ne ke yaƙi da tarin fuka, mai silikosis ya ninka sauran mutane wajen sau uku a haɗarin kamuwa da shi.

Na tambaye shi batun madara. Ya girgiza kai. "Malam, madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce."

Hunturu ya ƙara wa Baba wahala, wannan ba shakka. Amma ba hunturu ne ya cinye masa huhu ba.

Juma'a

Hazo ya ƙaru. A masallacin Juma'a wasu da takunkumi, wasu sun ja rawani sun rufe hanci irin na Buzaye. Tsumma na tare manyan ƙwayoyi, yana rage kaikayin maƙogwaro, amma ƙananan na ratsa shi. Mai asma da tsoho da mai ciwon zuciya, takunkumin N95 da ya zauna daram a fuska shi ne nasu, tare da rage fita a irin wannan rana.

Shin ƙurar sama kaɗai na iya jawo silikosis? An gani, amma a wurare ƙalilan. A 1952 wasu likitocin Faransa sun ba da rahoton samun ƙurar silika tare a huhun mazauna Sahara, ba tare da irin tabon masu haƙar ma'adinai ba. A 1991 kuwa an samu cutar sosai a jikin tsofaffi a wasu ƙauyukan Ladakh da ke tsaunukan arewacin Indiya, inda babu ma'adinai babu masana'anta, sai guguwar ƙura mai yawan kwaz da suke sha shekara da shekaru. Abin da ke sassauta ƙurar hamada shi ne tsufanta. Ƙwayar da ta yi dubban shekaru iska na gara ta, fuskarta ta dushe, laka da tsatsa sun lulluɓe ta. Wadda aka fasa yanzu kuwa fuskarta ɗanya ce, tana ƙona naman da ta taɓa.

Asabar

Ɗan Baba ya raka ni wurin fasa dutsen da mahaifinsa ya yi aiki, a bayan gari. Tun daga nesa ake gane wurin: cikin jan hazon da ya rufe ko'ina, wani farin gajimare ya tsaya a wuri guda. Ganyen dalbejiyar bakin hanya duk sun yi fari.

Aikin hawa-hawa ne. A sama masu huda dutse da injin huda, garin dutse na fesowa daidai fuskarsu. A ƙasa injin na tauna manyan duwatsu, bel na kai su rariya, tsakuwa na zuba kashi-kashi, kuma duk inda dutse ya faɗo ƙura na tashi. Gefe guda mata da yara na fasa ragowar da guduma, wata da goyo a baya. Tifa na shiga tana fita tana tayar da wadda ta riga ta kwanta. Mai abinci ta kafa tukunya a ƙarƙashin iskar injin. Dutsen wurin irin mai taurin nan ne da ake kwankare da shi, wanda kwaz ke kai kashi 20 zuwa 40 na jikinsa, kuma kowace ƙwaya a nan sabuwar fasawa ce.

Na tsaya da wani matashi da ya ɗaure fuska da tsohuwar riga.

"Sannu da aiki, ƙanena. Ba a ba ku takunkumi?"

"Yauwa Malam. Ana kawowa idan baƙi za su zo. Kuma da shi numfashi na wuya, ga zafi."

"Tari fa?"

Ya yi dariya. "Kowa ma tari yake yi a garin nan, hunturu ne."

Wannan jumla ta fi komai tsaya mini a rai yau. Watannin hazo sun zama mayafin da ke rufe wata cuta dabam. Tunda gari duka na tari, babu mai tambayar tarin wane ne zai wuce da saukar ruwan sama, na wane ne kuma ba zai wuce ba. A Amurka, tun 2016 doka ta ƙayyade wa ma'aikaci maikurogiram 50 na ƙurar kwaz mai shiga huhu a mita kubik, a aikin awa takwas. Ƙurar da ta kai wannan adadi ido ma ba ya ganinta. Wadda na tsaya a cikinta yau har a haƙori ake jin ta.

A hanyar dawowa na fara ganin abin a ko'ina: mai yanka tayil a busashe a wani sabon gini, mai goge dutsen kicin, masu rushe tsohon bene, mai shara na tayar da garin siminti da tsintsiya.

Lahadi

Na wuni a gida ina bin tarihin cutar, kuma kusan ko'ina labarin iri ɗaya ne. A 1930 aka fara haƙa ramin Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, ta cikin dutsen da kusan dukansa silika ne. Aka riƙa huda shi a busashe don sauri. Akasarin leburorin baƙaƙen fata ne 'yan ci-rani. Zaman da majalisar ƙasar ta yi a 1936 ya ji cewa mutum 476 sun mutu, binciken baya kuma ya kai adadin sama da 700. A shekarar da aka fara ramin, 1930, aka yi taron duniya kan silikosis a Johannesburg, inda ma'adinan zinare suka daɗe suna cin huhun mutane. Duk da haka sai a 2018 manyan kamfanonin zinare shida na Afirka ta Kudu suka amince su biya rand biliyan 5 ga tsofaffin ma'aikata masu silikosis da tarin fuka, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A Ostareliya, matasa masu yanka dutsen kicin na haɗi, wanda silikarsa kan haura kashi 90, suka fara kwanciya tun suna da ƙuruciya, har ƙasar ta haramta shi daga 1 ga Yuli, 2024.

A duk waɗannan wurare an san illar kafin a yi asarar rayukan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Litinin

Na ba yara labarin Asabar, sannan na kawo musu misali daga gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a busashe har a tsakar gida. Dalmar ce ta yi kisan gaggawa, amma dutsen da ake niƙawa kwaz ne, don haka masu niƙan na shaƙar guba biyu a lokaci guda. Daga baya masu bincike, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, suka gwada fesa ruwa siriri a bakin injinan niƙa a wuraren haƙar zinare na arewacin Najeriya. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna ƙurar silika mai shiga huhu ta ragu da kashi 80, ta dalma da kashi 95.

Muka gwada a harabar makaranta da guntun bulo biyu da zarto, ɗaya a bushe, ɗaya ana ɗiga masa ruwa. Na farko ya turnuƙe, na biyu sai caɓi ke gangarowa. Na ce su riƙe jerin nan: a hana ƙurar tashi da ruwa tukuna, a rufe inda take fita, a matsar da mutane daga iskarta, takunkumi ya zo daga ƙarshe. Wani yaro da mahaifinsa ke aikin tayil ya ce zai nuna masa da yamma.

Laraba

Baba ya je ɗaukar hoton ƙirji jiya, abokina likita ya rubuta a takardarsa irin aikin da ya yi da tsawon shekarunsa a ciki. Ya ce da kowane mai duba marar lafiya zai riƙa tambayar mai tari, "Wace sana'a kake yi, wace ka taɓa yi?", da an gano masu cutar nan da yawa da ake ta maimaita wa maganin da ba nasu ba.

Da yamma na samu ganin mai wurin fasa dutsen. Ya saurare ni da mutunci har na gama.

"Malam, na ji. Amma ruwa da rani tsada gare shi. Tankar ruwa nawa zan saya a rana?"

"Alhaji, tsohon ramin da kuka bari a baya cike yake da ruwan damina. Famfo ne da bututu da 'yan kawunan feshi a bakin injin da kan rariya. Feshi siriri ake so, ba ambaliya ba."

Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce a gwada a injin guda, idan tsakuwar ba ta caɓe ta toshe rariya ba, a ƙara. Na roƙe shi abu biyu da ba su cin ko sisi: mai abinci ta koma bayan iska, kuma mata masu goyo su bar gindin injin. Ya amince da na farko nan take, na biyun ya ce sai ya zauna da su, domin a nan abincinsu yake.

Ƙurar Bodele ba mu da ikon tsayar da ita, sai dai mu kare masu rauni a cikinmu har ta wuce. Ta bakin injin kuwa mu ke tayar da ita, mun san abin da ke cikinta, mun san kuma abin da ke kwantar da ita. Hakkin ma'aikaci ne a jiƙa dutsen da yake fasawa, kuma hakkin ne a kan mai injin, da mai sayen tsakuwar, da hukumar da ta ba da izinin aikin. Ranar Asabar zan koma da mai gyaran famfo mu auna nisan ramin ruwan zuwa injin, mu fitar wa Alhaji da kuɗin bututu.